Kebul ɗin da Na Binne a Kanal

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na yi a ofishin ƙungiyar manoman garinmu, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na zo wucewa ta bakin tasha sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yau me za a binne?" Da ina tsayawa in yi bayani. Yanzu na gaji, hannu kawai nake ɗaga musu in wuce.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, duk inda ka juya in ba gonar shinkafa ba to kanal ce. Babana manomi ne, kakana ma haka. Ni ne na fita zakka, na tafi Kano na yi difloma a harkar kwamfuta, na dawo gida da takarda a cikin leda da kuma wani irin hura hanci da har yau ban san inda na samo shi ba. Shekara biyu ina zaune. Gona dai na ce ta fi ƙarfin bayana, aikin ofis kuma ya ce na fi ƙarfinsa. Abin da nake yi bai wuce tura wa mutane karatu da waƙoƙi a waya ba, sai cire wa tsofaffi lambar sirrin da jikokinsu suka sa musu.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni da Baba. Ni ne ɗan fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Wannan" yake ce mini, ranar da ya tashi da fara'a kuma in samu "yaron nan". Bai taɓa yabona a gaban mutane ba, ko a gaban Inna ma. Haka al'adar take, ni ma ban taɓa sa rai ba.

To sai ga shi wata ƙungiya daga Kano za ta zo ta yi wa manoman rani rajistar iri da taki, kuma ta kwamfuta za a yi, da hoto da dangwalen yatsa. Aka ce lallai ofishin manoma ya samu intanet kafin ranar Alhamis. A wajen taro ciyaman ɗinmu, Alhaji Mudi, ya ce zai kira wani ƙwararre daga birni. Sai Baba ya miƙe. Waɗanda suke wurin sun ce kansa a ƙasa ya yi maganar, kamar mai ba da haƙuri.

"Alhaji, akwai yaron nan na wajena. Abin da ya karanta ke nan. A ba shi. In ya lalace, ni za ku kama."

Inna ce ta ba ni labari da na shigo gida. Ta ce, "Kai, ka san abin da ubanka ya yi yau kuwa? Mutumin da ko sunanka ba ya faɗa, shi ne ya tashi a gaban dattawa ya tsaya maka. Don girman Allah kada ka ba shi kunya." Na ce, "Haba Inna, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ido a rufe zan yi shi." (Ku riƙe wannan maganar, don ido a rufen kuwa na yi shi.)

Aikin kashi biyu ne. Na farko, ofishin kansa: ɗaki biyu, kwamfuta uku da firinta ɗaya. Na biyu, sito, wani dogon ɗakin kwano da ke can gefe, tafiyar taku saba'in ko fiye, inda ake ajiye buhuna. A can za a yi rajistar don nan ne zai ɗauki jama'a. Rauta, wato 'yar akwatin da ke rarraba intanet, ba za ta iya jefa sabis har can ba, ga nisa ga kwano, dole sai an ja kebul daga ofis zuwa sito.

Ranar Litinin na shiga Kano na sayo kaya: rauta mai cin layin waya, nannaɗen shuɗin kebul guda, kawunan kebul cikin 'yar leda, da filayar matse su. Mai shagon ya ce, "In a ƙasa za ka binne, ka haɗa da bututun roba." Na hango kaina a cikin motar Kura da dogayen bututu ina tsokane wa fasinja ido, na ce masa ba na buƙata.

Talata na yini a cikin ofis. Gaskiya wannan ɓangaren na yi shi da kyau, kuma ina so a rubuta mini shi, tunda babu mai tunawa. Na zagaya da wayata ɗaki-ɗaki har na gano cewa tagar da ke kallon Kura ta fi sabis, na kafa rautar a samanta. Na bi bango da kebul ina buga 'yan ƙusoshi, layi a miƙe. Kan kebul kuwa, wanda bai taɓa haɗawa ba ba zai gane wahalarsa ba: 'yan siraran wayoyi takwas ne masu launi daban-daban, sai ka jera su bi da bi, ka tura cikin kan, ka matse. Ɗaya ta goce, ka yanke ka sake. Na lalata kai ya fi goma kafin hannuna ya faɗa. Alhaji Mudi yana zaune yana cin goro yana kallona, can ya nuna rautar da haɓa ya ce, "Yanzu 'yar wannan akwatin mai ƙaho ce za ta yi duk aikin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai ka gani." Da la'asar fitilu suka kama, kwamfuta uku suka hau, firinta ta fitar da takarda. Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Injiniya!" Daga nan sunan ya samo asali, kuma a lokacin daɗinsa na ji.

Bayan magariba muna cin tuwo, Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan, ita igiyar taka, ta ina za ka bi da ita zuwa sito?"

Na ce, "Baba, ba igiya ba ce, kebul ne. Kuma harkar ba irin ta gona ba ce, ko na yi maka bayani..."

Ban ƙarasa ba, amma ya ji ƙarshen. Ya ce, "To. Allah ya taimaka." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Wallahi duk abin da ya faru daga baya, wannan rabin maganar ta fi ci mini rai.

Laraba na ari diga na fara haƙa daga bayan ofis zuwa sito. Ƙasar wurin marmara ce, tarakta da motocin shinkafa sun bi ta kanta shekara da shekaru har ta zama kamar siminti. Rabin awa ina sara, ramin da na yi ko kaza ba za ta kwanta a ciki ba. Tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe, rana ta buɗe. Na zauna ina haki ina tambayar kaina wai dama abin da na yi difloma a kai ke nan.

A zaunen nan idona ya faɗa kan 'yar ƙaramar kanal da ta bi ta bayan ofis ta wuce ta bayan sito, kamar don ni aka ja ta. Babu ruwa, don an ɗauke shi tun bayan girbi. Cikinta laka ce mai laushi da busasshiyar ciyawa. Na sa diga, ta shige kamar a tuwo. Nan take na ji ni wani mai basira ne da garinmu bai san darajarsa ba. Na ja layi a tsakiyar kanal, zurfin tafin hannu, na kwantar da kebul, na mayar da ƙasa na tattake.

Ina cikin tattakewa sai ga Malam Ɗanjuma a kan kekensa. Shi ne mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, shi yake buɗe wa kowane layi ruwa ranar da ta zama tasa, kuma abokin Baba ne tun suna yara. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya leƙo.

"Ɗana, a nan ciki kake sa ta?"

"A nan, Baba Ɗanjuma."

"To ka san fa gobe..."

Na tare shi da murmushin masu ilmi. "Ruwa ko? Kada ka damu. Wannan kebul ɗin ruwa ba ya yi masa komai, don haka aka yi shi."

"Ba ruwan nake nufi ba, ai..."

Wayata ta yi ƙara, na ɗaga masa hannu alamar ina zuwa, na juya baya na yi ta surutu da wani abokina a kan ƙwallo. Da na waiwayo har ya hau kekensa. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "To, ku ne kuka yi karatu."

Yanzu bari in gaya muku abin da kowane mahaluƙi a garinmu ya sani ban da ni. Duk shekara kafin a sako ruwan rani, akwai ranar yashe. Duk mai gona a layin kanal zai fito da sassafe da shebur ko fartanya, a shiga ciki a kwashe laka da ciyawa tas har sai an tarar da asalin ƙasa, don ruwa ya gudu har gonar ƙarshe. An yi sanarwa a masallaci. Mai shela ya zagaya. An ma sa rajistar ƙarfe sha ɗaya ne musamman don mutane su gama yashe su zarce sito. Ni kuwa rabona da fita yashe tun ina aji uku a sakandare. Duk shekara ranar nake tashi da ciwon kai. Na gwada kwamfutar sito da yammacin Larabar, ta hau intanet lafiya lau, na tafi gida ina taku ɗai-ɗai.

Alhamis na fito cikin farar shadda da ta sha sitaci, da hula, da biro biyu a aljihu (ban san me zan rubuta ba). Na bi ta gaban ofis. Na ji hayaniya da ƙarar shebur can ƙasa, ban ko waiwaya ba. A garinmu kullum wani yana haƙa wani abu.

Baƙi suka iso, mutum biyu, shugabarsu wata Hajiya mai tabarau wadda daga gani ba ta son ɓata lokaci. Alhaji Mudi ya shiga da su ofis, ya nuna musu rauta, ya nuna ni. "Ɗan gida ne. Ba mu je birni neman kowa ba." Na ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Daga nan muka ɗunguma sito, aka jona na'urar dangwale, Hajiya ta zauna ta danna.

Shiru.

Ta sake dannawa. Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, babu intanet."

Na ce, "Hajiya, sabis ne. Kin san yankin namu."

Ta ɗaga wayarta ta nuna mini. "Ga sabis nan a cike."

Na leƙa bayan kwamfutar. 'Yar fitilar da ke ƙiftawa inda kebul ya shiga ta mutu murus. Na zare na mayar. Na hura masa iska, kamar wuta nake haɗawa. Na ruga ofis, can komai lafiya. Na rugo sito, nan babu. Sau huɗu ina wannan zirga-zirgar, kuma duk ta gaba nake bi don kada shaddata ta kwashi ƙasa. Da sau ɗaya na zagaya baya, da na ga kanal ɗin a share fes, da ƙila na samu damar guduwa Kaduna.

A zuwa na biyar ne shaiɗan ya ba ni shawara. A bayan kowace rauta akwai wani ɗan rami, in ka tsikare shi da tsinke sai ta manta duk abin da aka saita mata ta koma kamar sabuwa. Malaminmu na difloma ya sha gaya mana kada mu taɓa shi sai komai ya ƙare. Na karyi tsinken tsintsiya na tsikara. Fitilu suka ɗauke, suka dawo, sai ga sakataren ƙungiya ya leƙo daga ɗaya ɗakin yana cewa, "Injiniya, namu ma ya tafi." Da sito ne kawai babu. Yanzu ko'ina babu, na raba adalci.

Na koma sito gumi ya jiƙa shaddar har ta manne a bayana. Alhaji Mudi ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Manoma sun fara cika wurin, laka har gwiwa, kowa da shebur a kafaɗa, tun safe ana aiki, ana so a dangwala a tafi gida. Ni kuma ina tsaye ina yi wa Hajiya bayanin da ni kaina ban gane shi ba, har da cewa wani lokaci zafin kwano yana hana saƙo tafiya.

Sai na ga mutane suna darewa. Baba ne ya shigo, wandonsa a naɗe, fuskarsa da wata 'yar fara'a da ban saba gani ba. A kafaɗarsa akwai wani abu a nannaɗe, shuɗi, yana ɗigar ruwa. Ya gaida Alhaji, ya gaida baƙi, sannan ya matso ya sauke shi a gabana.

"Wannan, ungo. A kanal muka tono. Wani ne ya zubar, kuma sabuwa fil. Shebur ya sassare ta, mutane har sun fara ɗiba za su ɗaure kwandon tumatir, na ce a'a, akwai mai amfaninta. Na bi na karɓo. Na ga irinta ce kake aiki da ita, na ce ko za ta rage maka wani abu."

Jama'a, har wanke ta ya yi. Ya bi guntayen ɗaya bayan ɗaya ya ƙuƙƙulla su da irin ƙullin da yake ɗaure bakin buhu, don kada a ce ya kawo mini abu a yayyanke.

Na tsaya ina kallon kebul ɗina. Daidai lokacin Malam Ɗanjuma ya jingine kekensa a bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga babbar ƙofar ruwa inda yake tun asuba. Ya leƙo, ya ga abin da ke ƙasa, ya tafa hannu. "La ilaha illallahu! Abin da na so gaya maka jiya ke nan. Da ka ce don haka aka yi ta, sai na ɗauka ko shebur ma ba ya kama ta."

Wani ya fara dariya daga baya, ya danne. Wani ya kasa dannewa. Kafin ka ce me, sito ya ɗauka gaba ɗaya, har abokin aikin Hajiya ya juya yana kallon buhuna kafaɗarsa na rawa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya dubi kebul, ya dube ni, fara'ar nan ta bar fuskarsa a hankali.

"Taka ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Kai ka binne ta?"

"Ni ne."

"A cikin kanal?"

Na gyaɗa kai.

"Ana gobe yashe?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na riga na san ƙasar wurin, ko da diga ba ta tsagewa.

Hajiya ta rufe jakarta ta ce za su wuce wajen Bunkure, in an gyara su dawo Asabar, in ba a gyara ba sai dai mutanenmu su bi su can. Manoma suka fara guna-guni, don kowa ya san wahalar bin layi a garin wasu. Alhaji Mudi ya zaro waya ya ce bari ya kira mutumin birnin nan tun da sauran lokaci. Sai Baba ya ce, "Alhaji, na ce in ya lalace ni za ku kama. To ga ni. A ba ni zuwa Asabar." Ya ce a ba shi, bai ce a ba ni ba. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da wayar aljihu.

Da yammacin nan na zauna na sake saita rautar, ni kaɗai, babu mai kallo babu mai cewa Injiniya. Juma'a da sassafe na koma Kano na sayo wani kebul da wayar ƙarfe da zai rataya a jiki, don wannan karon ta sama za a ja shi. Ko da na dawo bayan masallaci, Baba da Malam Ɗanjuma sun sare dogayen sandunan bishiyar turare, sun haƙa ramuka a marmarar nan da ta gagare ni. Ashe ruwa ake zuba mata tun da safe a bar ta ta sha, sannan a haƙa. Babu wanda ya taɓa gaya mini (to, wa na tambaya?).

Wannan karon ni ne mai riƙe tsani da cewa to. Baba ya ce ba za a bi ta nan ba, nan ake ƙona bunun shinkafa. A ɗaga ta nan, motar buhuna in ta yi lodi tana kai wa tsayin rufin sito. A kauce wa bishiyar can, reshenta na karyewa da iskar farkon damina. Duk abin da ya faɗa babu shi a littafin da na karanta, kuma duk gaskiya ne. Iyakar abin da aka bar mini shi ne matse kawunan kebul, shi ma Baba yana tsaye a kaina. Da na gama ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "Sake dubawa." Na sake.

Asabar 'yar fitilar ta ƙifta, aka yi rajista har la'asar babu tangarɗa. Da layi ya zo kan Baba, ya dangwala yatsansa, sai Hajiya ta dube shi ta dube ni ta ce, "Baba, ashe Injiniyan ɗanka ne?" Ya kau da kai yana gyara hula ya ce, "A gidana dai yake kwana." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na san na mayar da mutumin nan inda yake tun farko. Sau ɗaya a rayuwarsa ya ajiye kunya ya tsaya mini a gaban jama'a, ni kuma na sa ya ɗauko abin kunyata a kafaɗarsa ya kawo da hannunsa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, wannan kuma ya fi duka ciwo.

Tsohon kebul ɗin bai tashi a banza ba. Rabi Inna tana shanya a kai, rabi kuma shi ke ɗaure da akuyarta, don haka kullum na fito da safe sai mun haɗa ido da diflomata a wuyan akuya. Na yi wa ofisoshi da injinan casa aiki da dama tun daga lokacin, kuma duk inda na je, kafin in sauke jaka sai na nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin in ce, "Baba, me ake yi a nan gobe?" Wasu su ɗauka gaisuwa ce.

Ranar yashe kuwa ciwon kaina ya warke. Da asuba Baba yake jingine shebur biyu a ƙofar ɗakina. Ni kuma ɗaukar ɗaya nake in bi bayansa.